Shin Ko Kun San? Aman Mujiya da Asun da ke Cinsa

Shin ko kun san mujiya ba ta tauna, ba ta kuma tsaya zaɓen tsoka ta bar ƙashi? In ta kama ɓera, ta kai take fara haɗiyarsa, ya wuce ɗungurungum, har gashi har wutsiya har farce. Ciki ya narkar da nama da kitse. Abin da ya gagara, wato gashi da ƙasusuwa da haƙora da ɓawon ƙwari, sai ƙundunta ya matse shi ya zama dunƙule guda, ƙasusuwa a tsakiya, gashi ya lulluɓe su. Bayan sa'o'i shida zuwa goma, wani lokaci fiye, sai ta miƙa wuya ta wage baki, dunƙulen ya faɗo. Masu tsintarsa da yawa suna ɗaukarsa kashin wata dabba ne. Ba shi ba ne. Ta baki ya fito, bai bi hanji ba, shi ya sa in ya bushe ba ya wari.

Kun san kuwa ba ta da jakar nan ta wuya da kaza da tantabara ke tara tsaba a ciki? Abincinta kai tsaye yake zarcewa. Dunƙulen kuma in ya haɗu yakan dawo ɓangaren farko na cikin ya tare hanya, sai ta amayar da shi kafin wani ɓeran ya samu wurin shiga. Mujiya mai farar fuska, wadda ke kwana a silin da kangaye da kogon kuka, wadda masana ke kira Tyto alba, dunƙule ɗaya ko biyu take zubarwa kowace rana.

Shin ko kun san ba mujiya kaɗai ke wannan amai ba? Tsuntsaye sama da nau'i 300 suna yi, har da shaho da shirwa da hankaka da zalɓe. Amma na mujiya ne masana suka fi rububi, kuma dalilin yana cikin ruwan cikinta. A shekarun 1970 Gary Duke da abokan aikinsa a Jami'ar Minnesota ta Amurka sun auna tsamin cikin tsuntsaye masu farauta. A ma'aunin pH, na dangin shaho ya tsaya wajen 1.6, na mujiya wajen 2.3. A wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce mai ƙarfi, kuma wannan 'yar tazara tana nufin cikin shaho ya fi na mujiya tsami sama da ninki biyar. Shaho yana yagar nama ya kuma narkar da yawancin ƙashin da ya haɗiya. Mujiya kuwa takan dawo da ƙoƙon kan ɓera kusan lafiya lau, haƙora a jere.

Ana iya kintatar shekarun dunƙule da ido. Sabon na mujiya mai farar fuska baƙi ne wuluk, yana sheƙi, tsawonsa santimita 3 zuwa 7. In ya kwana biyu sheƙin ya tafi, ya koma toka-toka. In ya daɗe sosai sai ya ruɓushe, gashin ya ɓace, a bar tarin ƙasusuwa tsirara. Ku riƙe wannan tambaya: ina gashin ya tafi? Za mu zo kanta.

Shin ko kun san da matsefata da tsinken sakace da farar takarda ake buɗe shi? Wasu suna jiƙa shi da ruwa, wasu suna ɓarke shi a bushe. A dunƙule guda na mujiya mai farar fuska akan samu ƙananan dabbobi uku ko huɗu, wani lokaci har shida. Ba a ƙirga haƙarƙari, don ba za a gama ba. Ƙoƙon kai ake ƙirgawa, a haɗa muƙamuƙin dama da na hagu. Haƙori ne ke faɗin sunan mai shi. Dangin ɓera suna da dogayen haƙoran gaba masu ruwan lemo, sai giɓi, sannan turame. Jaɓa kuwa ba ɓera ba ce ko kusa: bakinta dogo ne, haƙoranta masu tsini ne a jere babu giɓi, don ƙwari take ci. Wasu jaɓoɓin Turai bakin haƙoransu ja ne saboda sinadarin ƙarfe da ke cikinsu. Irin tamu ta Afirka, dangin Crocidura, farare ne tas. Bayan waɗannan akan ci karo da bakin ɗan tsuntsu, da ƙashin kwaɗo, da na jemage, da kan fara, har da zoben da masu bincike ke sa wa tsuntsaye a ƙafa.

Wannan farin haƙori ya taɓa tona asiri a ƙasar Ailan. Jaɓa iri ɗaya tak aka sani a tsibirin, 'yar mitsitsiya mai jan haƙori. A 2007 masu nazarin mujiya suka buɗe aman da suka tattaro a yankunan Tipperary da Limerick, sai ga kawunan wata jaɓa mai farin haƙori, Crocidura russula, wadda ba a taɓa rubuta ta a ƙasar ba. Mujiya ta riga kowane masani gano baƙuwar. Daga baya bincike ya nuna inda duk baƙuwar ta yi yawa, 'yar gida takan ɓace.

Kun san kuwa akwai aman mujiya da ya girmi tarihin da aka rubuta? A kogunan dutse na Afirka ta Kudu, irin su Swartkrans da Wonderwerk, mujiyoyi sun yi dubban shekaru suna kwana suna zubarwa. Gashi ya tafi, ƙasusuwa suka taru hawa-hawa. In hawa ya cika da ɓerayen ciyawa, an san lokacin da damina. In na rairayi suka rinjaya, an san fari aka yi. Peter Andrews na gidan adana kayan halitta na Landan ya rubuta littafi sukutum a kan wannan a 1990, mai suna Owls, Caves and Fossils.

To, mu koma kan gashin da ya ɓace.

Shin ko kun san abin da ya gagari cikin mujiya, asu ne ke cinye shi? Ɗauki tsohon dunƙule ka duba da kyau. Za ka ga 'yan ramuka, da zaren siliki da ya ɗinke gashin, da wani gari mai tsakuwa-tsakuwa wanda kashin tsutsa ne. Za ka iya ganin farar tsutsa mai jan kai tana ja da baya. Alamar da ta fi kowace tabbas ita ce 'yan kwansuna masu ruwan ƙasa da suka leƙo rabi daga jikin dunƙulen. Kafin asu ya fito da fikafikai, yakan turo kwanson da ya kwanta a ciki har bakin rami, ya fasa shi ya tashi, ya bar fankon a maƙale. Dunƙule guda yana iya ɗaukar irin waɗannan da yawa.

Me ya sa gashi ke da wuyar narkewa haka? Gashi da ulu da gashin tsuntsu da farce da kofato da ƙaho duk abu ɗaya ne ya gina su, sinadarin keratin. Zarurrukansa a ɗaure suke da juna da ƙulli na farar wuta, kuma warin da ake ji in an babbake kan rago, na wannan farar wutar ne. Ruwan cikin mutum da na zaki da na mujiya ba ya iya kwance ƙullin. Hanjin tsutsar asu kuwa yana da wani yanayi na daban da ke tsinke shi tukuna, sannan sinadaran narkarwa su sami kafar shiga. Halittun da suka iya wannan aiki kaɗan ne a duniya: asu, da wasu ƙananan ƙwari masu cin busasshiyar fata, da ƙwarkwatar tsuntsaye, da wasu nau'o'in fumfuna da ƙwayoyin bakteriya. A ganina wannan ya fi komai ban mamaki a duk lamarin. Tsuntsun da ke kashe ɓera da damƙa ɗaya ya kasa, tsutsar da ba ta kai santimita guda da rabi ba ta iya.

Shin ko kun san ba don rigunanmu aka halicci asu ba? Danginsa, da masana ke kira Tineidae, sun haura nau'i 2,000, kuma yawancinsu ba ruwansu da tufa: fumfuna da ruɓaɓɓen itace da tarkacen ganye suke ci. 'Yan tsirarun da suka koyi cin keratin, gidajensu na asali su ne sheƙar tsuntsu, da ramin dabba, da busasshen mushe, da aman tsuntsaye masu farauta. Da ɗan Adam ya fara tara buzu da bargo da darduma a ɗaki mai duhu, ya ajiye musu abincin da suka saba ne a wurin da ruwan sama ba ya dukansa.

A Birtaniya, inda masu sha'awar nazarin asu suke da yawa, akwai malam-buɗe-littafin dare wajen nau'i 2,500, kuma kusan 1,600 daga ciki ƙanana ne da sai an sa gilashin ƙara girma. Wanda aka fi samu a aman mujiya a can shi ne Monopis laevigella. In ya buɗe fikafikai faɗinsa milimita 13 zuwa 20 ne. Kansa rawaya ne mai gashi buzu-buzu, fikafikansa ruwan ƙasa mai duhu da ɗige-ɗige. Shaidar gidansu tana tsakiyar fiffiken gaba: wani ɗan tabo fes da haske ke ratsawa. Duk inda aka ga wannan 'yar taga, an san Monopis ne. Sai dai laevigella yana da ɗan'uwa, Monopis weaverella, da suka yi kama ƙwarai. Shi wannan ya fi duhu, kuma yana da babban tabo mai haske a kusurwar bayan fiffike. In fikafikan sun goge, rarrabe su ya zama aiki.

Kun san kuwa akwai asun da ya bar gidajen mutane ya koma wa mujiya? Trichophaga tapetzella ke nan, wanda masani Linnaeus ya sa wa suna a 1758. Shi ba ya ɓuya ga mai dubawa: kashi ɗaya cikin uku na fiffikensa, daga gindi, baƙi ne, sauran fari. In ya lafe sai ka rantse kashin tsuntsu ne, kuma da haka yake tsira daga masu cinsa. A da babban maɓarnaci ne a Turai, yana cin kafet da kayan doki da shimfiɗar keken doki. Yana son laima. Da gidaje suka samu na'urar ɗumama ɗaki suka bushe, keken doki kuma ya wuce, sai ya yi ƙaranci ƙwarai a Ingila. Yau mai nemansa yakan nufi tsofaffin rumbuna da mujiya ke kwana.

Shin ko kun san akwai tsutsar asu da ke yawo da ɗakinta? Ta Tinea pellionella tana saƙa wani ɗan bututu da siliki da guntayen abin da take ci, buɗe ta gaba da ta baya, ta zauna ciki. In za ta ci sai ta leƙo da kai da ƙafafu ta ja ɗakin. Tana iya juyawa a ciki ta fito ta ɗaya bakin. In ta yi ƙiba, sai ta tsaga gefen bututun ta sa faci, ta kuma ƙara masa tsawo. Wani masanin Faransa, Réaumur, ya gabatar da nazarinsa a kan asu ga majalisar masana kimiyya ta Faris a 1728. Yakan ɗauke tsutsa daga ulu mai launi kaza ya ɗora ta a kan wani launin. Bayan kwanaki sai ga bututu mai ratsi-ratsi, kowane faci da launin ƙyallen da aka ci a lokacin. Ta haka ya gane yadda ake faɗaɗa ɗakin ba tare da mai shi ta fita ba. Shi ne kuma ya ba da shawarar a kore su da hayaƙin taba. A cikin aman mujiya bututun launin gashin ɓera yake ɗauka, don haka sai ya motsa ake ganinsa.

Ga wani abin da ya saɓa. Asun da ya fi kowanne ɓarna a akwatunan duniya, Tineola bisselliella, mai ruwan zinare da jan gashi a ka, da wuya a same shi a sheƙar tsuntsu ko aman mujiya a Turai. Cikin gidaje kawai yake. Masana da dama suna ganin asalinsa daga Afirka ne, fataucin fatu da ulu ya kai shi ko'ina. A 2017 hukumar English Heritage, mai kula da tsofaffin gidajen tarihi a Ingila, ta raba wa maziyarta tarkon asu kyauta don a gano inda ya fi yawa. Irin wannan tarko ƙamshin mace ake sa masa, maza kaɗai yake kamawa. Yana faɗa maka akwai asu a ɗaki, ba ya raba ka da shi.

Ba duk wanda ya fito daga dunƙule ne ɗan dangi ba. Akwai 'yan cin arziki biyu daga wani gida daban, Oecophoridae. Endrosis sarcitrella kansa da kafaɗunsa farare ne fat. Hofmannophila pseudospretella ruwan ƙasa ne da baƙaƙen ɗigo. Yadda ake raba su da asu na ainihi: kansu a kwance yake sumul, kuma suna da wasu 'yan gaɓoɓi biyu a baki da suka lanƙwasa sama. Tineidae kuwa kansu a hargitse yake.

Shin ko kun san wasu nau'o'in ba a tabbatar da su sai an duba al'aurarsu? Launin fiffiken asu ƙura ce kawai ta ƙananan ɓawo, taɓawa ɗaya ta goge. Abin da ba ya gogewa shi ne sifar gaɓoɓin haihuwa, don kowane nau'i da irin nasa. Akan cire cikin mataccen asu, a jiƙa shi a ruwan sinadarin potassium hydroxide mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 har tsoka ta narke, a shimfiɗa abin da ya rage a kan gilashi, a duba da madubin ganin ƙananan halittu. Da wannan hanya Gaden Robinson na gidan adana kayan halitta na Landan ya warware rukunin Tinea pellionella a 1979, ya nuna nau'o'i ne da dama masu kama da juna da aka daɗe ana cakuɗawa. Ɗaya daga cikinsu, Tinea translucens, shi ya fi yawa a ƙasashe masu zafi. Tun 2003 kuma, da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya fito da dabarar gane halitta daga ɗan guntun ƙwayar gadonta mai haruffa wajen 650, ƙafa ɗaya ta asu ta isa a san ko wane ne. Amma na'urar tana kwatanta abin da aka ba ta ne da wanda wani ya riga ya gane da ido ya sa a rumbun bayanai. Mai madubi bai rasa aiki ba tukuna.

Tsutsotsin kuwa kusan duk kamarsu ɗaya, shi ya sa masu wannan sha'awa suke kiwonsu. Akan zuba dunƙulen a roba, a rufe bakin da ƙyalle mai shara-shara a ɗaure. Ba a toshe shi da murfi, don gumi zai taru fumfuna ta cinye komai. A ajiye a inuwa, a riƙa leƙawa. A Turai tsutsa takan yi hunturu a cikin dunƙulen, asu ya fito in gari ya fara ɗumi. Haƙuri ne jarin.

Kun san kuwa asun tufa mai fikafikai ba ya cin komai? Bakinsa ya shanye, ba ya aiki. Abin da ya tara yana tsutsa da shi yake rayuwa na 'yan makonni, ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai 40 zuwa 50, su mutu. Ba ya kuma son haske. Wanda kuke gani yana zagaya fitila, faɗa-wuta ne, ba shi ya huda muku alkyabba ba. Mai laifin yana can ƙasan akwati. Tsutsar ma ulu mai tsabta ba ya riƙe ta sosai: ta fi son inda gumi ko miya ko maiƙo ya taɓa, don a nan take samun sinadaran da keratin ba shi da su. Shi ya sa wuyan riga da hammata suke fara hujewa. Dunƙulen mujiya, da ragowar jini da ɓargo a ciki, ya haɗa mata komai.

Shin ko kun san shi ma asun ana farautarsa a cikin dunƙulen? Wani ɗan ƙaramin zanzaro, Apanteles carpatus, yana soka ƙwansa a jikin tsutsar asu, ɗansa ya cinye ta daga ciki. Mai kiwo yana jiran asu, sai ya ga baƙin zanzaro ya fito. Akwai ƙwarin Dermestidae masu tsutsa mai gashi, waɗanda majema da masu ajiyar fatu da busasshen kifi suka san ɓarnarsu, akwai kuma ƙwarin Trox masu kaushin baya da ke zuwa a ƙarshe. In wurin da laima, wani ɗan naman kaza mai suna Onygena corvina yakan tsiro a kan dunƙulen. Gashi da gashin tsuntsu kawai yake ci. Ɗan'uwansa Onygena equina kofato da ƙaho ya zaɓa.

Mujiya mai farar fuska ba ta gina sheƙa. Macen takan farfasa tsohon amanta ta yi shimfiɗa, ta zuba ƙwai a kai. Wurin da aka yi shekaru ana haihuwa yakan cika da tsutsotsi iri-iri. A jihar Teksas ta Amurka wata ƙaramar mujiya ta samo wa wannan magani. Frederick Gehlbach da Robert Baldridge na Jami'ar Baylor sun ba da rahoto a 1987 cewa takan kawo wani ɗan siririn maciji makaho da ransa cikin kogonta. Wanda ya tsira daga bakin 'ya'yan sai ya nutse cikin tarkacen yana cin tsutsotsi. 'Ya'yan da suka tashi tare da maciji sun fi sauran saurin girma.

Shin ko kun san a Afirka akwai asun da ke cin ƙaho? Ceratophaga vastella yana zuba ƙwai a ƙahon mataccen ɓauna ko gwanki. Tsutsotsin su huda shi, su gina dogayen bututu da siliki da kashinsu, har ƙahon ya yi kamar ya tsiro da jijiyoyi. Bayan ungulu da kura sun gama, su ne ke share abin da ya rage. Wani ɗan'uwansa a Florida ɓawon mataccen kunkuru yake ci. László Gozmány na Hungari da Lajos Vári sun fitar da babban kundi a kan asun Afirka kudu da Sahara a 1973. Akwai kuma dangin Phereoeca, masu ɗan ɗaki falale mai sifar ƙwayar agushi, da ake gani maƙale a bangon banɗaki a garuruwa masu zafi da laima. Yanar gizo-gizo da matattun ƙwari da gashin da ya zuba suke ci.

Har shari'a asu ya taɓa shiga. A 1850 aka tsinci busasshiyar gawar jariri a ɓoye a jikin murhun wani gida a Faransa. Likita Bergeret na garin Arbois ya duba tsutsotsin asu da fankon ƙudajen da ke jikinta, ya ce mutuwar ta kai 1848. Zargi ya tashi daga kan waɗanda ke gidan a lokacin, ya koma kan waɗanda suka riga su. Lissafinsa yana da rauni, don ya ɗauka kowane ƙwaro shekara guda yake cika zagayen rayuwarsa. Duk da haka rahoton da ya buga a 1855 yana cikin na farko da aka yi amfani da ƙwari wajen kintatar lokacin mutuwa.

Kun san kuwa buɗe aman mujiya yana iya kwantar da mutum? A 2001 yara a makarantun firamare biyu a Minnesota sun kamu da gudawa da zazzaɓi na ƙwayar Salmonella bayan darasin buɗe aman mujiya. A ɗaya daga ciki, a kan teburin cin abinci aka yi darasin. Wanda ake sayar wa makarantu a Amurka gasa shi ake yi da zafi mai ƙarfi kafin a naɗe. Firiza kuwa asu take kashewa, ba ta kashe Salmonella: gidajen tarihi sukan sa kaya a sanyin 18 ƙasa da sifili na mako biyu don su rabu da tsutsa da ƙwai. A wajenmu akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan. Cikin ɓerayen da mujiya ke ci a Afirka akwai Mastomys natalensis, mai nonuwa da yawa, wanda shi ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau. Silin da kangon da mujiya ke kwana, nan ma ɓera ke fitsari. A sa safar hannu da takunkumi, kada a tayar da ƙura, a yi aikin nesa da abinci, a wanke hannu da sabulu.

Tun da zancen ya zo kan lafiya, ga wata da iyaye mata ya kamata su ji. Farin kafur ɗin da ake jefawa cikin kaya, yawancinsa sinadarin naftalin ne. Jariran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, kuma suna da yawa a Afirka ta Yamma, yana iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. Tarayyar Turai ta hana sayar da shi don maganin asu tun 2008. Kada a sa shi a kayan jariri. Wanki, da shanya a rana mai zafi, da kakkaɓewa, da ajiya a abin da ke rufuwa ruf, su ne maganin asu mai arha.

Shin ko kun san a Malesiya manoman kwakwar manja da na shinkafa akwatuna suke kafa wa mujiya a kan dogayen sanduna don ta zauna ta rage musu ɓera? Ma'aurata biyu da 'ya'yansu suna cin dubban ɓeraye a shekara, kuma daga aman da ke ƙarƙashin akwatin ake sanin abin da suka ci. A Birtaniya dokar kare namun daji ta 1981 ta sa laifi ne a dami mujiya mai farar fuska a wurin haihuwa, don haka masu tattara dunƙule ba sa kusantar inda ƙwai ko 'ya'ya suke. Mu kuwa camfi ya sa in ta yi kuka a kan rufi sai a ɗauko gwafa da dutse.

Malaman kimiyya da ɗalibai, in akwai mujiya a silin makarantarku, ku bar ta. Ku tattara abin da ta zubar da safar hannu, kashi ɗaya ku buɗe ku ƙirga kawuna, kashi ɗaya ku rufe da ƙyalle ku jira abin da zai fito. Kowace roba kuma ku rubuta mata sunan gari da kwanan wata, don asun da ba a san inda aka samo shi ba, ba shi da amfani ga mai bincike.